Rumbu, Kwamfutar da Ta Dinga Kiran Sunanta

Jiya a ƙofar shagon gyaran waya na ji wani a cikinku, ku samari masu koyon kwamfuta, yana cewa haɗa kwamfutocin ofis ba sana'a ba ce, wai ka soka nan ka soka can, shi ke nan. Na tsaya na dube shi, na ce Allah ya shirye ka, na wuce. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, shi ya sa na ce a zo da takarda da biro. Ni Kulu ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ba na rubutawa, faɗa nake ana rubuta mini. Duk da haka shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da filayar matse waya tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, kuma waya ɗaya tak aka taɓa kai ƙarata a kanta. Ita zan ba ku labarinta, amma sai kun fara jin yadda filayar ta shigo hannuna.

Ina da ƙuruciyata aka fara aikin madatsar Bakolori. Na sayar wa leburori tuwo, na sayar musu da fura, na ga ranar da ruwa ya fara bin magudanai. Daga baya manoman rani suka kakkafa ƙungiyoyi, kowace da ɗan ofishinta. Bayan rasuwar maigidana na samu aikin shara a ɗaya daga cikinsu a nan Mafara, ɗaki uku da ɗan soro. Shekara da shekaru tafireta ce ke ƙara a ciki, har wata rana mota ta sauke kwali biyar, aka ce kwamfuta ce, za a riƙa rubuta sunayen manoma da filayensu da ranar ruwan kowa.

Wanda aka kira ya haɗa su sunansa Lawali, mutumin Maradun. Ya yi aikin lantarki a madatsa, ya tafi birni ya koyo kwamfuta da furfura a gemunsa. Ban taɓa ganin mai haƙurinsa ba. Ba ya taɓa abu sai ya tsaya ya dube shi, kuma ba ya cewa ya sani sai ya gwada. Jakarsa ta fata ce: filayar matsewa, 'yar wuƙa, testa mai fitila takwas ta gwada waya, gwangwanin kawunan roba, sai kwamfutar cinya da yake naɗewa cikin tawul kamar jariri. A bangon soro ya kafa wani ɗan akwati mai jerin ramuka, yana ce masa suwic. Wayar kowace kwamfuta can take ƙarewa, kuma kowane rami da 'yar fitilarsa. In fitila na ci, kwamfutar na tare da 'yan uwanta. In ta mutu, ta ware.

Ranar da yake matse wayoyin farko ina share ƙarƙashin teburinsa. In aka fere wayar nan, silli takwas ne a ciki, kowane da launinsa, kuma akwai jerin da ake jera su kafin a cusa su cikin kan roba. Na ga ya yi na ɗaya, ya yi na biyu. A na uku na ce, "Injiniya, ka juya tsanwar nan. Ɗazu shuɗi ne ya riga ta."

Ya ɗaga wayar wajen taga, ya ƙura mata ido, ya ce, "Inna, wa ya koya miki?"

Na ce, "Kai. Sau biyu ka yi a gabana. Ni fa faifai nake saƙawa tun ina shekara bakwai, in na ɓata jerin launi uwata da muciya take gyara ni."

Ya yi dariya, ya ce idonsa ba ya raba tsanwa da ruwan ƙasa in ɗaki ba haske. Ya miƙo mini waya ya ce in jera. Fari da ruwan goro, ruwan goro, fari da tsanwa, shuɗi, fari da shuɗi, tsanwa, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Har gobe in aka tashe ni daga barci zan faɗe su.

To, jeri shi ne mafi sauƙi. Ferewa ita ce wuya. Ka danna wuƙa da yawa ka ƙwarzani sillin ciki, ba za ka gani ba, sai bayan wata uku ya karye. Ka warware sillin da yawa, magana ta riƙa tsinkewa a hanya. Ka yanke su ba daidai ba, ɗaya ya kasa kaiwa ƙarshen kan roba, testa ta ci fitila bakwai ta bar ɗaya tana harararka. Kawunan da na ɓata a watan farko sun cika gwangwanin madara. Lawali bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ya yanke kan ya ajiye a gabana ya ce, "Duba da kanki, Inna. Mi ya hana shi?" Ba ya faɗa mini amsa sai na gano.

Daga nan in ya samu aiki a waje, sai na gama shara ya ɗauke ni a babur. A Bakura wani mai shagon buga takardu ya ga na sauko da jakar kayan aiki, ya ce, "Injiniya, ka zo da mai fura ne?" Kwamfutocinsa uku sun kwana biyu ba sa ganin juna, ya riga ya ce tsawa ce ta ƙona su. Ina shiga na ji warin ɓera daga bayan buhunan irin shinkafa da ya jibge a lungu. Na ce a janye su. Ga waya nan an cinye ta har ƙarfe. Na yanke, na fere, na matse, fitila takwas. Mutumin nan har bakin titi ya rako mu yana cewa, "Hajiya, a yi haƙuri da bakina." Hanci ma kayan aiki ne, wanga ba ya cikin littafinku.

Yanzu ku saurara, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane sauran ba. Kowace kwamfuta a ofis ana raɗa mata suna. Namu akwai Sakatare, akwai Ma'aji, akwai biyu na masu buga takarda, sai babbar da ake tara dukan sunayen manoma a cikinta, ita ce kuma firinta ke jikinta. Lawali ya sa mata suna Rumbu. In aka kunna kwamfuta da safe, ko aka soka mata waya, takan yi shela ga sauran: ni ce wance, akwai mai wannan suna? In ba wanda ya ce uffan, sai ta riƙe sunanta ta yi shiru ta kama aiki. Mu ba ma jin shelar, amma kwamfutar cinyar Lawali na nuna duk maganar da ke bin waya, layi bayan layi. Kwamfuta mai lafiya ba ta yawan faɗin sunanta.

Muguwar shekarar ta zo ne ana shirin noman rani, lokacin da kowane manomi ke son takardar ruwansa kafin a buɗe magudana. Kafin nan da ɗan lokaci Sakatare, Malam Mainasara, ya sa an mayar da Rumbu ɗakinsa na gaba, inda baƙi ke shigowa, don can fanka ta fi kyau. Ni na matse sabuwar wayar, Lawali ya bi da ita ta saman bango ya kafe ta da ƙusoshi. Muka tafi wani aiki Maradun kwana uku. Kafin mu dawo an yi wa ofis fenti. Na tambayi mai fenti ina wayar da ke bango, ya ce an ɓoye ta, ta yi kyau. Na ɗauka cikin silin ya cusa ta, ban sake tambaya ba. Wannan kam sakacina ne, ba na musu.

Sai Rumbu ta fara iskanci. Asabe, babbar mai buga takarda, tana tsakiyar rubuta sunan manomi sai allo ya ce ba ya ganin Rumbu. Ta jira, ta dawo. Ta aika takarda firinta, ta fito rabi ta tsaya. Manoman da suka zo tun daga ƙauyukan Faru da Kaya na zaune a rana, wasu su koma ba takarda. A kira Lawali, ya zo ranar Alhamis, ya tarar komai lafiya lau. Ya sa testa a wayar, fitila takwas. Ya tafi, bayan 'yan kwanaki a sake kiransa.

A zuwa na uku ya bar kwamfutar cinyarsa a ofis mako biyu tana ɗaukar maganar waya. Da ya dawo ya buɗe, ya kira ni ya ce, "Inna, zo ki ga abin mamaki." Ni ba karatu nake ba, amma na ga layi iri ɗaya yana maimaita kansa har allo ya cika, ya ja ƙasa, shi ne dai. Ya ce, "Rumbu ce. Ni ce Rumbu, ni ce Rumbu, ni ce Rumbu, kamar mai tallan da ba a saya ba. Duk sanda ta yi haka, sauran sai sun sake nemanta."

Ga yadda gwani ke aiki, ku koya. Ya ce abu uku ne ke sa kwamfuta haka. Ko wata ta ɗauki sunanta suna gardama, ko cuta ta shige ta, ko kuwa tana faɗuwa daga waya tana dawowa, kowace dawowa sai ta sake shela. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya duba sunan kowace kwamfuta, har ta cinyar Ma'aji da yake zuwa da ita daga gida, babu mai suna biyu. Ya kwashe kayan cikin Rumbu ya wanke ta tas ya mayar, mako na zagayowa ta koma gidan jiya. Saura na uku. Ya canza mata rami a suwic, ba ta daina ba. Saura waya. Waya kuwa ni na matse ta.

Malam Mainasara bai jira ba. Ya tara mu a ɗakinsa ya ce, "Injiniya, da girmanka. Ka ɗauki aikin masu digiri ka ba mai tsintsiya, ga abin da ya haifar. Manoma sun kai ƙarata gun shugaban ƙungiya." Ya juyo gare ni. "Kulu, ƙarshen watan nan ki ajiye makulli. Na samu wadda za ta yi shara ta tsaya ga shara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, testa ta ci takwas."

Ya ce, "Testa ba ta ba manomi ruwa."

Lawali ya ce, "Yallaɓai, ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. In kan da ta matse ne, ni zan fara faɗa, kuma ni zan karɓe filayata. Amma ban gani ba tukuna. A ba ni mako ɗaya."

Da muka fito soro na ce masa ya yanke kawunan ya sake matsewa da hannunsa a huta. Ya ce, "In na yanke ta daina, an ce ke ce. In na yanke ba ta daina ba, an ce kin ɓata wani wuri. Ba na yanke abin da ban kama da laifi ba." Ya zauna kan benci ya buɗe allonsa. "Abin da ya ɗaure mini kai, ba kullum take yi ba. Wata rana sau biyu, wata rana ba iyaka. Mi ke faruwa a ofishin ga da ni ban sani ba? Ke ce ke buɗe shi, ke ce ke rufe shi."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce ya faɗa mini ranakun da ta fi haukan. Ya duba ya ce ranar kaza da ranar kaza. Na ƙirga da yatsa na ce, "Injiniya, duk washegarinsu ne nake kwashe ƙasa kwando biyu a ƙofar Sakatare. Laka ce ta fadama, da ƙaiƙayin shinkafa. Talata ce. Ranar kasuwa, ranar da mutanen ƙauye ke shigowa."

Ya ce, "Na yi tunanin yawan aiki ne ke gajiyar da ita. Amma ranar Litinin Asabe ta buga takarda fiye da ta Talata, ko tari Rumbu ba ta yi ba." Ya ɗago kai daga allon. "Ke nan ba aikin ba ne. Mutanen ne."

Ranar Talata ban taɓa tsintsiya ba, don kada a ce ita ce. Lawali ya ajiye mini kujera ƙarƙashin suwic ya ce in sa ido a fitila ta uku, ta Rumbu, in ta mutu in tafa hannu sau ɗaya. Shi ya zauna da allonsa. Daga inda nake ina hangen ƙofar Sakatare. Hantsi ya yi, mutane suka fara zuwa. Wasu samari biyu suka shigo da takalmansu, suka tsallake dokin ƙofa, "Salamu alaikum, Oga," fitila ba ta motsa ba. Ma'aji ya shiga ya fita sau uku, shiru. Na fara cewa yau Rumbu za ta kunyata ni.

Sai ga Baba Labbo na Faru, dattijo mai shekara kusan tamanin, wanda gonarsa ke bakin magudana tun ranar da aka haƙa ta. Ya jingine sandarsa. Ya tuɓe takalmi. Ya taka dokin ƙofa ya tsuguna a nan, don irinsu ba sa kutsawa ɗakin mutum sai an gama gaisawa.

"Salamu alaikum. Yallaɓai, an kwal lahiya?"

Fitila ta mutu. Na tafa.

"Ina gajiya? Ina iyali?" Ya gyara tsuguno, fitila ta dawo. "Ina hidima da jama'a?" Ya karkata, ta mutu. Na tafa. "Ina labarin ruwa? To madalla. Ina su Hajiya? Ina yara?" Na tafa, na tafa, na tafa, har dattijon ya waiwayo ya ce, "Kulu, biki aka yi ban ji ba?"

Lawali na kallon allo yana cewa, "Ga ta nan, ga ta nan kuma." Na ce, "Injiniya, bar allon nan ka dubi ƙafar Baba."

Ya taso ya durƙusa gaban dattijon ya ce, "Baba, don Allah ka ɗan matsa gefe." Ya matsa, fitila ta tsaya cak. "To dawo inda kake." Ya dawo, ta mutu. Malam Mainasara ya taso daga kujera yana tambayar wane irin wasa ne wannan a ƙofarsa ranar aiki. Lawali ya janye buhun goge ƙafa, ya sa wuƙa ya ɗaga ledar ƙasa. Ga wayata nan kwance a kan bakin ƙarfen dokin ƙofa, ta baje kamar an bi ta da dutsen guga. Ya fere wurin a gaban kowa. Sillin ruwan goro ya tsage, bakinsa biyu na taɓa juna. In ba nauyi a kai, magana na wucewa, shi ya sa testa ke cin takwas. Mai tsallakewa ba ya taɓa ta. Sai mai ladabi, wanda zai tsaya a nan ya yi gaisuwa cikakkiya, shi ke raba sillin ya haɗa, ya raba ya haɗa, Rumbu kuwa kowane haɗi sai ta sake faɗin sunanta.

Lawali ya ɗaga kawunan nan biyu da na matse, ya juya su a haske, ya ce, "Waɗannan ko a birni sai haka."

Malam Mainasara ya ce, "Wane mara hankali ne ya bi da waya ta nan?"

Asabe ta leƙo daga ɗakinsu ta ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce wa mai fenti ya sauke ta, wai tana ɓata bango."

Wani manomi ya yi tari. Sakatare ya gyara hularsa ya ce, "To, Injiniya, a gyara mana, mutane na jira."

Lawali ya auno sabuwar waya, ya bi da ita ta saman ƙofa, ya kafe. Da ya zo matse kai sai ya shafa aljihu ya ce, "Af, Yallaɓai, ɗakin ga ba haske, idona ba ya raba launi. Sai dai in ka yarda Inna Kulu ta matse. In ba haka ba mu jira gobe."

Manoma sun fi ashirin a soro, kowa da ranar ruwansa a ka. Sakatare ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Kulu, bismilla."

Na goge hannu da zane. Na fere, na warware, na jera, na yanke, na cusa, na matse. Na yi ɗayan kan ma. Testa ta ci ɗaya, biyu, har takwas, wani daga baya yana ƙirgawa da ƙarfi. Na soka da hannuna. Lawali ya juyo mini da allo ya nuna da yatsa: Rumbu ta yi shelarta ta shigowa, ta yi shiru. Firinta ta ja takarda, ta farko kuwa ta Baba Labbo ce.

Malam Mainasara bai ce in yi haƙuri ba, ba irinsu ba ne. Abin da ya ce shi ne, "Makullin nan ki riƙe shi da kyau, kada ya ɓata." Na ce, "Bai taɓa ɓata ba, ranka ya daɗe."

Baba Labbo dai bai karɓi takardarsa ba. Yana tsaye riƙe da takalmansa, ya ce wa Lawali, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Gaisuwata ce ta ɓata muku injin?"

Lawali ya ce, "A'a Baba, ita ce ta gyara shi."

Ya ce, "Awo. To a ba ni wuri, an katse ni ban kai ƙarshe ba." Ya ajiye takalman, ya koma dokin ƙofa, ya tsuguna, ya ɗauko ta tun daga salamu alaikum. Sakatare ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan shanu da jikoki. Ni ina ƙarƙashin suwic, filaya a hannu, idona a kan fitila ta uku. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.